Daɓen Motar Alhaji Sabo

Kwanan baya muna zaune a gidan yayata a garin Clinton da ke Maryland, an gama cin tuwo, sai ɗanta Faruk ya tambaye ni abin da nake yi takamaimai idan an kira ni duba mota. Na fara bayani ke nan ya juya wajen abokansa ya ce da Turanci, wai daga gobe shi ma ya shiga sana'ar Kawu, ai ba ta wuce tocila da waya ba. Suka yi dariya, ni ma na taya su. Ba ni da saurin baki, amsa ba ta zo mini ba sai da na koma gida. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. In Hausar ta yi musu nauyi, uwarsa ta karanta musu.

Aikina duba motar gida ne kafin a saye ta. Ita ce doguwar motar nan da Amurkawa ke kira RV, mai gado da kicin da banɗaki a ciki, wadda iyali ke tafiya da ita su kwana a inda dare ya yi musu. Sabuwa tana da tsada ƙwarai, don haka yawancin mutane ta hannu suke nema. Mai saye ne ke kirana, shi ne kuma ke biyana. Ba na karɓar komai daga mai sayarwa, ko ruwan kwalba ya ba ni sai na yi tunani. Mutanenmu sun daɗe ba su gane wannan ba. Sun saba da dillali, wanda aikinsa ya haɗa ciniki, ya lallashi wannan ya lallashi wancan, ya karɓi la'ada. Ni kuwa sau da yawa zuwana ne ke raba ciniki.

Karatu na zo yi ƙasar nan, har yau ma ban daina zuwa ajin yamma ba. Neman abin biyan haya ne ya kai ni garejin Malam Isuhu, mutumin Maraɗi, wanda ya yi shekaru yana gyaran manyan motocin fasinja kafin ya koma kan motocin gida. Ya ga littafi a aljihun rigata ya sa mini suna ɗan lakwal, wato ɗan makaranta a bakin mutanen Nijar, kuma bai taɓa kirana da wani suna ba. Motar farko da na shiga da shi, wata farar mota ce da aka kawo daga Virginia. Ya tura ni ciki, ya rufe ƙofa da tagogi, ya bar ni na ɗan lokaci. Da ya buɗe ya ce, "To ɗan lakwal, mi hancinka ya ce ma?"

Na ce ƙamshi ne kawai, kamar na lemun tsami.

Ya ce, "Madalla. Mai mota ya hesa turare. Kai kuma tahi ka nemo mini abin da turaren ya ruhe."

Na wuni ina nema. Can da la'asar na ɗaga katifar gadon da ke saman kujerar direba, na ga katakon ya yi baƙi, in ka danna shi yatsa na shiga. Ruwan sama ne ke bi ta gefen fitilar rufi, yana sauka a hankali, ƙila shekara da shekaru. Malam Isuhu bai yaba mini ba. Cewa ya yi da na fara daga sama, da tuni mun ci abinci.

A wurinsa na koyi cewa abu biyu kake saye a lokaci ɗaya, mota da gida, kuma kowanne da irin tsufansa. Inji na iya zama garau, gidan ya mutu. Babban abokin gabar gidan shi ne ruwa. Bangon motar siririn katako ne aka manna da gam, aka lulluɓe da roba mai tauri. Rufin ma haka, kuma duk inda aka huda shi don fanka ko na'urar sanyaya ɗaki ko eriya, gam ne kawai ke tare ruwa. Rana tana busar da gam ɗin, sanyin hunturu yana tsattsaga shi. Shi ya sa tsani ne farkon abin da nake saukewa daga motata. Ina hawa rufi da rarrafe, ina bin kowane layin gam da yatsa. In na sauko sai in tsaya a gefen mota in karkata kai in dubi tsawon bangon. Duk inda ya kumbura kamar ƙurji, ruwa ya riga ya shiga ya raba roba da katako.

Kayan aikin ba su da yawa, a nan Faruk ya yi gaskiya. Tocila, ƙaramin madubi mai sanda, na'urar auna danshi, na'urar da ake jonawa a inji ta faɗi ciwon da ya taɓa yi, da kwalbar ruwan sabulu da nake fesawa a mahaɗar bututun gas in ga ko zai yi kumfa. Sauran kuwa gwiwa ce da hanci da tafin ƙafa. Ba na shiga mota da takalmi. Masu sayarwa suna ɗauka ladabi ne, ni ma ban taɓa gyara musu zato ba. Amma da safa ake jin daɓe. Takalmi yana ɓoye laushin katako, tafin ƙafa ba ya ɓoyewa.

Wani injiniya a Mitchellville ya taɓa kirana yana murna, ya samo mota da ba ta yi tafiya mai yawa ba, tayoyinta kamar yau aka sa su. Na durƙusa na karanta lambar da ke gefen taya, wadda ke nuna shekarar da aka yi ta. Tayoyin sun girmi ɗansa na fari. Zanen tayoyin bai ci ba don motar ba ta tafiya, amma robar ta bushe, ta yi ƙananan tsaga kamar faso. Irin wannan taya kan babban titi take fashewa, da iyali a ciki. Janaretan motar ma da ƙyar ya tashi, don ba a kunna shi, ɓeraye kuma sun yi sheƙa a bayan firji sun ci waya. Motar da ta zauna ta fi ba ni tsoro a kan wadda ta yi yawo. Haka nan nake roƙon mai sayarwa kada ya tayar da inji kafin in iso, don injin da ya yi ɗumi yana ɓoye tarinsa. Firji kuwa a kunna shi tun jiya, domin na motar gida ba ya sanyi da wuri.

Batun farashi shi ne wanda yara ke ganin waya ta gama. Gaskiya ne akwai inda ake dubawa a ga abin da irin motar ke yi a kasuwa. Amma wannan farashin motar da ba ta da ciwo ce, ni kuwa ban taɓa ganin irinta ba. Daga nan ake fara ragewa: tayoyi, gam ɗin rufi, batura, bututun da ya fashe saboda ba a zubar da ruwansa ba kafin ƙanƙara. Sai a dubi takardar mallaka, ko banki na da hannu a ciki, ko an taɓa rubuta cewa motar ta yi hatsari ko ta nutse a ambaliya. Sai kuma tambayar da ba wanda ke yi wa kansa: ina za ka ajiye ta? Unguwanni da yawa a nan ba su yarda ka tsayar da ita a ƙofar gida ba, sai ka kama mata haya a fili, kowane wata, ko ta fita ko ba ta fita ba.

Shekarar annoba ita ce muguwar shekararmu, ko da yake daga waje za a ɗauka kakarmu ce ta yanke saƙa, tunda kowa na son motar gida. Mutane na tsoron jirgi da otal, sai suka yi ca a kan motocin. Mai sayarwa ba ya jiran a duba. In ka ce bari in kira wani ya gani, kafin ka ajiye waya wani ya biya. Wayata ta yi shiru, na koma kai wa mutane kaya gida-gida. Malam Isuhu ya riga ya tsufa, ya rufe gareji ya koma Maraɗi, ya bar mini tsaninsa. Bayan abin ya lafa ne kira ya dawo, amma yawanci na waɗanda suka riga suka saya ne, suna so in gaya musu abin da suka saya. Wannan duban ba shi da daɗi. Kana faɗa wa mutum gaskiya a lokacin da ba ta da sauran amfani a gare shi.

Aikin da nake so Faruk ya ji labarinsa a Bowie na yi shi, farkon wata bazara. Hajiya Rabi ce ta kira ni, ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya. Mijinta Malam Ƙasimu tsohon ma'aikacin sashen Hausa ne na wani gidan rediyo, muna yara muna jin muryarsa a gida. Ya samu shanyewar ɓarin jiki, ƙafar dama da hannun dama ba sa aiki, magana ma sai a hankali. 'Yarsu Amina tana aure a Houston, cikinta ya tsufa, haihuwar fari, kuma ita da mijinta sun ce Malam ne zai yi wa jaririn huɗuba ya raɗa masa suna. Malam ya ƙi jirgi. Ba ya iya shiga banɗaki shi kaɗai, kuma ya ce ba zai bari baƙi su riƙa ɗaga shi a gaban jama'a ba. Hajiya ta nemi motar gida ta haya, aka ce ba a yarda a kafa ƙarfen riƙewa a bango ba. Sai ta yanke shawara ta sayi tata, a kafa masa ƙarfe a banɗaki, ƙaninta ya tuƙa su, su tafi a hankali.

Mai motar kuwa Alhaji Sabo ne, ɗan kasuwa, dattijon da duk Bahaushen yankin nan ya sani. Da wuya ka sami wanda ya sauka a Maryland bai ci abincin gidansa ba. Motar ma kowa ya san ta, don duk taron sallah ko fitar shan iska ta jama'a a filin shaƙatawa, Alhaji na zuwa da ita ya tsayar a gefe. Kafin a kira ni sun riga sun gama magana. Alhaji ya yi ragi mai yawa saboda Malam, ya ce ya sallama, Hajiya ta ce Allah ya sa albarka. Amina ce daga can ta dage sai an duba kafin a biya.

Na iske motar a filin da Alhaji ke ajiye ta. Ya zo da babbar riga, ya miƙo mini hannu yana cewa, "Ga dillali ya iso. Lawal, yau ni za ka bincika?"

Na rusuna na ce, "Wane ni, Alhaji. Motar zan gaisar."

"To gaishe ta da kyau. Ka gaya mata maigidanta bai taɓa cutar kowa ba."

Hajiya ta ce, "Alhaji ka yi haƙuri, yaran yanzu ne. Ni da na so mu wuce kawai."

Malam Ƙasimu yana zaune a kujerar gaba ta motarsu, an sauke masa gilashi, ya sa hula da farar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na je na gaishe shi, ya ɗaga mini hannun hagu.

Ban taɓa ganin rufi mai kyau kamar na motar nan ba. Alhaji yana sa a sabunta gam duk shekara, yana lulluɓe ta da tamfol a hunturu. Tayoyi sababbi ne na gaske. Inji ya tashi bugu ɗaya, janareta ma haka, birki da giya ba abin cewa, gas bai yi kumfa ko'ina ba. Na bi bango da na'urar danshi, a bushe. Alhaji yana biye da ni yana cewa, "Ka samu wani abu, likita?" Ni kuma ina cewa ban samu ba. Har na fara lissafa a raina cewa farashin da ya sallama ya yi ƙasa da darajarta.

Banɗaki ne na ƙarshe. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, masai a gefe, wurin wanke hannu a gabansa, sai wurin wanka a lungu. An shimfiɗa tabarmar roba mai kauri, ga buta biyu a ajiye. Na taka tabarmar na ji ƙafata ta ɗan nutse. Na ɗauka tabarmar ce. Na naɗe ta na fitar, na sake takawa. Daɓen ya lotsa, masan ya ɗan sunkuyo wajena. Na sa na'ura a gindin bango, ta nuna danshi har ƙarshen ma'auninta. Na fita na kwanta a ƙarƙashin mota da tocila. Katakon da ke ɗauke da banɗakin ya yi baƙi, na sa sukudireba ta shige kamar cikin burodi. A ƙarƙashinsa kuma tankin ƙazanta ne.

Na duba bututu duka, ba wanda ke yoyo. Na daɗe a kwance kafin na gane. Ruwan ba daga sama ya zo ba, ba kuma daga bututu ba. Waɗanda suka ƙera motar sun yi wurin wanka ne kaɗai don ya jiƙe. Sauran daɓen katako ne da shimfiɗar leda a kai, ba su yi tunanin buta ba, ba su yi tunanin mutum zai ɗaga ƙafa ya wanke a wurin wanke hannu ba. Ruwa kaɗan-kaɗan yake zuba, ya bi gefen leda da gindin masai ya shige, tabarma ta rufe shi ta hana shi bushewa.

Na fito na kakkaɓe rigata. A al'adarmu ba a kushe kayan dattijo a gabansa, balle bayan ya sallama. Dillali zai ja mai saye gefe ya yi masa raɗa. Amma in na yi haka, Alhaji zai zama kamar wanda ya ɓoye aibi, alhali bai sani ba. Na ce su biyun su shigo. Na roƙi Alhaji ya cire takalmi ya taka da kansa.

Ya taka. Ya janye ƙafa da sauri, ya sake takawa a hankali. Ya ce, "Inna lillahi. Mene ne wannan?"

Na yi masa bayani. Ya tsaya yana kallon butocin.

"Kana nufin ruwan alwala ne ya cinye mini mota?"

"Shi ne, Alhaji."

"Ai kuwa rabin Hausawan Maryland sun yi alwala a nan."

Hajiya ta ce, "Har da ni. Sallar bara ma a nan na yi."

Ba wanda ya yi dariya sosai. Alhaji ya zauna a bakin gado, ya cire hula ya riƙe. Can ya ce, "Hajiya, na janye. Ban sayar ba. Ku ɗauke ta haka nan ku je ku dawo, ko sisi ba na so. Malam ya ga jikansa."

Hajiya ta dube ni. Ta yi shekaru tana ɗaga marasa lafiya, ta san abin da za ta tambaya. Ta ce, "Lawal, in aka shimfiɗa katako mai kauri a kai fa?"

Na ce katakon sai ya sami abin da zai zauna a kai, ruɓewar kuwa ta shige ƙarƙashin bango, bangon da za a kafa wa Malam ƙarfe. In ya riƙe ƙarfen ya saki nauyinsa, bangon zai biyo shi. Kuma ba nauyin mutum ɗaya ba ne, tunda ita ma tana ciki tana tallafe da shi, ga girgizar hanya ta kwana da kwanaki.

"Gyara fa?"

Na ce sai an cire masai da bango da tanki, a sake daɓe tun daga ƙarfe. A bazara kuwa duk garejin da na sani ya cika, ba mai karɓarta ya gama kafin Amina ta sauka. Neman wata motar mai faɗin ƙofa irin wannan, a duba ta, a kafa ƙarfe, shi ma ba abin mako biyu ba ne, kuma kuɗin da ke hannunta na ragin Alhaji ne, ba na kasuwa ba.

Alhaji ya ce, "Haba Lawal. Tafiya ɗaya fa. Kyauta ma ba za ka bari ba?"

Na ce, "Alhaji, ba ni ke bari ko hanawa ba. Tambayata aka yi. Injin zai kai su ya dawo da su. Daɓen nan ba zai ɗauki Malam ba."

Hajiya ta kalli wurin da na naɗe tabarma. Sannan ta ce, kamar da kanta take magana, "In ya faɗi a tsakiyar hanya, wa zai ɗaga mini shi?" Ta gyara mayafi ta ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri. Ba za mu ɗauka ba." Ta juyo wajena. "Kai ka gani da idonka. Zo ka gaya wa Malam, ni ba zai yarda ba, zai ce tsoro na ji."

Na sa takalmi, muka taka zuwa motarsu. Na tsuguna a gefen taga. Malam Ƙasimu ya dube ni, ya haɗa kalmomi ɗaya bayan ɗaya.

"Inji?"

"Lafiya lau, Baba."

"Birki?"

"Shi ma lafiya."

"To... me?"

Na ce, "Banɗakin ne, Baba. Katakon ƙasa ya ruɓe. Ba zai ɗauke ka ba, kuma ba za a gama gyara kafin lokaci ba."

Ya juya ya dubi doguwar motar, Alhaji na tsaye a ƙofarta da hula a hannu. Na zaci zai sake tambaya, ko ya ce a gwada, na shirya in maimaita abin da na faɗa. Bai tambaya ba. Ya ɗaga hannun hagu ya yi wa Alhaji alamar godiya, sannan ya ce, "Rabi."

"Na'am, Malam."

"Kira Amina. In ta sauka... mijinta ya raɗa sunan. Kada su jira ni."

Hajiya ta ciro waya daga jaka. Ni kuma na koma na mayar da tabarmar Alhaji inda na same ta, na naɗe tsani.